Baba Tobiya da Rediyon Lau

Shekara arba'in ke nan Baba Tobiya yana gyaran rediyo a rumfarsa ta Yelwa, cikin Jalingo. Tun da wayar hannu ta cika gari aka mai da shi likitan fanka da tocila, abin kuwa yana ci masa rai. Ga shi da tsiya: ka kawo masa rediyon roba, sai ya tambaye ka ko gyara aka ba ka da ka sayi sabulu.

Wata Talata da la'asar sai ga Jemima, malamar firamare daga Lau, ta sauke wani ƙaton rediyo na ƙarfe tana haki.

"Baba, na marigayi babana ne. Yayana Elvis ya ce ya lalace, gobe zai ba 'yan gwangwan su fasa. In kai ma ka ce ya mutu, shi ke nan."

"Me ya gani ya ce ya mutu, 'yata?"

"Ya jona, ba ya kama tashar gari ko ɗaya. Sai fito, da murya kamar agwagwa."

Tobiya ya yi dariya har da riƙe ciki. Irin rediyon nan ne na sauraren masu hira da juna daga ƙasa zuwa ƙasa, rabonsa da irinsa tun yana koyon aiki. Neman tashar gari a cikinsa ai neman jini ne a jikin babe.

Duk da haka bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya kwance bayan, ya kai hanci ya shinshina, don abin da ya ƙone ba ya ɓoye wari. Ya kankare gidan zanzaro biyu. Sannan ya ba shi wuta ta cikin ƙwan lantarki, yadda in akwai ɓarna ƙwan ne zai sha wutar. Ƙwan ya haska ya dushe, ƙananan kwalaben gilashin da ke cikin rediyon suka fara ja a hankali. Daɗi ya kama tsohon.

Ya cilla doguwar wayar eriya kan mangwaro, ya dawo ya lalubo agwagwar. Sai ya kama wani ɗan ƙaramin maɓalli da Elvis bai ko kula da shi ba, yana murɗawa kaɗan-kaɗan. Agwagwa ta rikiɗe ta zama mutum, wani namiji can wata duniya yana hira da Faransanci, har yana tari.

Jemima ta dafe ƙirji, hawaye da dariya lokaci guda.

"Haka muke ji daga ɗakin babanmu, mu muna daka a tsakar gida!"

"Kira yayan naki," in ji Tobiya. "Gaya mishi rediyon nan zai binne ni da shi duka."

Ta kira, ta kara wayar a jikin lasifika kawai.

"Kar ki kashe," in ji Elvis. "Bari na kai wa Mama wayar ta ji."