Birkin da Kawu Masura Ya Buɗa

Ku da kuka zauna a lungunmu na Karantina a Jidda kun san Kawu Hamidu, yayan Ummata, ba ya fita sai da masurarsa, guntun bututun ƙarfen nan da ya naɗe wa baƙin salatif a gindi. Masallaci ma da ita yake zuwa, ya cusa ta cikin takalminsa na hagu. Duk abin da ya matse a duniyar nan, maganarsa ɗaya ce: "A buɗa shi kaɗan." Sayen sabo kuwa, a wajensa saɓo ne.

Ni Shiru yake ce mini, don ban cika magana ba. Ina aji huɗu tabarauna ya fara matse mini kai, Umma ta ce a kai ni shago a unguwar Bagdadiyya.

"Bagdadiyya? Kan yarinya ne ya ƙaru, ba idonta ba. Miƙo nan."

Masura ta yi wa tabarau girma, sai ya zare cikin biro ya yi da bututun. Daga ranar, ko sunkuyawa na yi sai tabarau ya riga ni isa ƙasa.

"Yaya, ai ka buɗa da yawa!" in ji Umma.

"Za ta girma ta cika shi."

Har yau ban cika shi ba.

Fankarmu ta ƙasa ma bai ƙyale ta ba. Ya lanƙwasa mata fukafukai wai ta ƙara iska, sai ta dinga rawa tana matsawa har ta zare wayarta daga bango.

"Yaya, fankar nan tafiya take yi!"

"To ba shi ke nan ba? Kowa ya samu."

Shekaru Kawu yana tuƙi a wani gida a unguwar Abhur, iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, tana hannun mai gidan. Wata Alhamis ya dawo da wasu dogayen alluna biyu a kafaɗa, lungu ya cika da 'yan kallo. Hajiya Batula mai waina ta ce, "Hamidu, ƙyauren wane ɗaki ne wannan, siriri haka?"

"Jahilci! Da su Turawa suke zamiya a kan dusar ƙanƙara."

Shi da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firji!

Allunan na ɗan kafilinsa ne, wato ɗan mai gidan. Kowanne yana da mazaunin takalmi, a bayansa kuma wasu siraran hannayen ƙarfe biyu masu jar roba a baki. Birki ke nan. In an taka sai su ɗage, in mutum ya faɗi takalmin ya fita sai su sauka ta gefe su caki ƙanƙara, kada allon ya gudu. Saurayin ya sayi sababbin alluna masu faɗi, ya sa an ɗora musu tsohon mazaunin, sai hannayen suka maƙale a bakin allo, ba sa sauka. Jibi zai tashi zuwa ƙasar ƙanƙara, a Jidda kuma wa ke sayar da birkin ƙanƙara? Shi ne ya ce wa Kawu, "Wassi'ha shwayya." Wato a buɗa shi kaɗan.

"Tun da na zo ƙasar nan," in ji Kawu, "yau na ji an yi Larabci mai ma'ana."

Ban taɓa ganin ya yi aiki a tsanake kamar ranar ba. Ya shimfiɗa bargon Umma. Ya matse gindin kowane hannu da filaya, ya naɗe robar da tsumma, ya zura masura har gwiwar ƙarfen, ya danna waje kamar kaurin ƙwayar shinkafa, ya gwada, ya ƙara. Sannan ya maido da bakin ciki, don kada ya yi ta sharar ƙanƙara. Hajiya Batula ta ce ya gasa shi a kan murhunta mana ya yi laushi.

"Ƙarfe ne, Batula, ba waina ba. In ya sha wuta ya mutu."

Ni ina zaune a dokin ƙofa. Tun kafin ya taɓa allo na biyu na ga robar hagu tana da tsaga siririya kamar gashi, da tsohon datti baƙi a ciki. Na gani sarai. Ban ce komai ba.

Washegari bayan la'asar saurayin ya zo bakin lungu, ko motar bai kashe ba. Kawu ya danna birkin da tafin hannu ya saki, hannayen suka sauka ƙyas, duka huɗun. Saurayin bai ko kalli wannan ba. Tsagar ya gani.

"Ka fasa, ya Hamidu!" Haka, gatsal, ga mutumin da ya yi jika da shi.

Larabcin Kawu na kasuwa ne, in ransa ya ɓaci warwatsewa yake yi. Ya yi wallahi sau uku, sauran ya ƙi fitowa. Sai ya juyo. "Shiru, faɗa masa da Larabcinku na makaranta. Ke ai komai kina gani."

Kalmomin suna bakina, a jere. Na kalli silifas ɗina. Tabarau ya zamo, na tare shi da yatsa.

Saurayin ya jefa allunan a mota ya ce halas, wato magana ta ƙare. Mako bai zagayo ba aka karɓe makullin mota daga hannun Kawu, iƙama kuma da ta ƙare ba a sabunta ba.

Bayan wata guda mai girkin gidan ta turo wa Umma bidiyo. Ga saurayin can a kan farin dutse, a kan allunan nan dai. Ya yi wata muguwar faɗuwa, allo ɗaya ya fice, ya ɗan zame, ya tsaya cak. Na ɗauka Kawu zai yi zagi. Tafi ya yi!

"Ya kama! Batula, zo ki gani! Shiru, maido baya!"

Sau tara na maido masa. Ba wanda ya kira shi daga Abhur.

Sauran kun sani. Ya daina fita babban titi, tari ya kama shi ya ƙi asibiti don ba takarda. Aka rushe Karantina, kowa ya kama gabansa, mu muka koma ɗaki ɗaya mu biyar. Ranar da muka tare ya ƙwanƙwasa bangon da masura, ya saurara, ya ce, "Wannan kam ba ya buɗuwa."

Ana saura kwana biyu ya rasu na faɗa masa zancen tsagar, ina kuka.

"Ai na san kin gani. Bakin ne ya matse." Ya lalubo masurar ya ɗora mini a cinya. "A buɗa shi kaɗan."

Shi ya sa na rubuta wannan, da Hausar da yake yi mini dariya a kanta. Tsagar tsohuwa ce. Kawuna bai fasa komai ba.

Ya Allah, bawanka Hamidu ya rayu a matse, ya mutu a matse. Ka gafarta masa, Ka buɗa masa kabarinsa. Wannan karon, ya Rabbi, ba kaɗan ba.