Rijiyar Tanko

Shekara bakwai ina riƙe da maganar filin da rumfunan 'yan goro suke kai a nan Agege. Filin na wani babban gidan Yarabawa ne. Yarjejeniyar da iyayenmu suka yi da su ta ƙare, kuma in ba a sabunta ta ba, rumfunan za su tashi. Ni aka ɗora wa maganar saboda ina jin Yarabancin tsofaffi, irin wanda gaisuwa kaɗai sai ta cinye rabin zama. Da ya rage saura zama ɗaya a sa hannu, sai 'yan kwamiti suka aiko mini, cikin ladabi, cewa in huta, wani matashi mai suna Nasiru ya ƙarasa. Ban ba su amsa ba. Abin da ya dawo mini a rai shi ne wata tatsuniyar kakata.

A gidan haya muka tashi, kusa da layin dogo, ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna. Kaka tana suyar gyaɗa a tsakar gida bayan magariba, don ta kai bakin tasha da safe. Tana da wani kasko mai faɗi da take zuba yashi a ciki, ta riƙa juyawa da guntun ƙwarya. Mu yaran gidan, Hausawa da Yarabawa, mukan kewaye murhun, ba don sanyi ba, don Legas ba ta san sanyi ba, sai don gyaɗar da ta ƙone, wadda ba ta sayuwa. In jirgin ƙasa ya zo wucewa, sai ta yi shiru ta ci gaba da juya yashi, ya gama wucewa ta ɗora daga kalmar da ta tsaya.

"Ku gyara zama, baƙuwa ta iso," haka take farawa.

Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Ita 'yar ƙasar Daura ce, ubanta mahaƙin rijiya, don haka yawancin tatsuniyoyinta na ƙishirwa ne. Wannan kuwa ta wani ƙauye ce da rijiyarsa ta ƙafe, aka kira mahaƙa bakwai su haƙa sabuwa.

Tunde, ɗan matar ɗakin ƙarshe, wanda Hausarsa ta fi tawa gudu, bai taɓa barin wannan wuri ya wuce ba. "Iya, mutum bakwai? Baba Risi shi kaɗai ya haƙa tamu a kwana biyu."

"Kai ɗan ruwa, rufe mini baki. Ku nan in kaza ta yi tono da ƙarfi sai ta jiƙa ƙafa. Can gaba talatin ake yi ba a ga danshi ba."

Ta ce mahaƙan suna da igiya ɗaya tak da ta isa tsawon ramin. Da ita ake sauke mutum, da ita ake fito da kwandon ƙasa, da ita kuma ake fito da mutumin. Suna da doka: wanda ya sauka, waƙa ɗaya gare shi. Na sama su ne masu yin waƙar suna jan kwando. In ta ƙare, babbansu, wani tsoho mai ido ɗaya, ya girgiza igiya sau uku, na ƙasa ya ɗaura ta a ƙugu a jawo shi, wani ya sauka. Dalili kuwa iskar ƙasan rami ce. Ba ta shaƙe mutum, lallaɓa shi take yi.

"Na ƙasa shi ne na ƙarshen sanin ya gaji," in ji Kaka. "Tsohon nan ba ya tambayar kowa. A hannu yake ji. In kwando ya fara zuwa da sauƙi, ya san mutumin ya ƙare, ko da yana can yana rantsuwa yanzu ya fara."

A cikinsu akwai Jatau, wanda kwandonsa ɗaya ya yi biyun na kowa, da ƙanensa Tanko, wanda yake binsa a layi. Al'adar ƙasar kuma ita ce, wanda daginsa ya fasa ruwa, sunansa ake sa wa rijiyar. Wata rana da hantsi Jatau yana ƙasa, sai ya ji yashi ya yi sanyi a tafin ƙafarsa. Waƙa ta ƙare, aka girgiza igiya. Maimakon ya ɗaura a ƙugunsa, sai ya ɗaura kwando. Na sama suka ja, suka ga yashi mai laima, suka ji murya daga can ƙasa: "Saura kaɗan!" Tsoho ya sake girgiza igiya. Kwando ya sake fitowa, wannan karo rabi. "Saura kaɗan." A na uku igiyar ta fito ba komai.

Tanko ya sauka, don layinsa ne. Ya tarar da wansa a kwance, ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura masa. Jatau mutum ne mai nauyi, aka daɗe ana ja. Kafin igiya ta koma ƙasa, babu mai kama ta.

A nan Kaka takan duba fuskokinmu. In ta ga ƙananan sun fara taɓe baki, sai ta ce an fito da Tanko da rai, ya yi jinya ya warke. In manya ne kaɗai, ba ta warkar da shi. Abin da ba ta taɓa canzawa ba shi ne ƙarshen: sai da aka ƙara kwana uku ana haƙa kafin ruwa ya fito, kuma a hannun wanda ya fi kowa rauni a cikinsu. Mutanen gari suka sa mata Rijiyar Tanko. Jatau ya yi tsawon rai a garin, kuma duk ranar da zai aiki yaro ɗebo ruwa sai ya ambaci sunan.

Na taɓa ce mata, "Ai Jatau mugu ne."

"Angona marar ko taro, ka ji ka. Mugu yana sauka rami don mutane su sha ruwa? Jatau ƙwazo gare shi. Da rago ne, da tun waƙa ba ta ƙare ba ya fara leƙen igiya." Ta kwashe gyaɗar ta zuba a faifai. "Baƙuwa ta tafi. Wanda bai gane ba ya tambayi toka."

Ban tambayi toka ba. Na girma na shiga aikin jirgin ruwa daga Apapa, a ɗakin girki. Na koyi Faransanci a Kwatano da Abijan, na tsinci ɗan Larabci a Fot Sudan. Daga baya na sauka a wani gari a Kanada inda ake Faransanci, na yi shekaru ina dafa abinci a wani otal. A can wani dattijo da muke aiki tare, Gaston, ya ja ni kallon hoki na kan ƙanƙara, wasan ƙwararrun garinsu.

Fili ne na daskararren ruwa, an kewaye shi da katanga iya ƙugu. Kowane gefe mutum shida har da mai tsaron gida, sanye da takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna kora wani baƙin faifan roba, kamar waina, da sanduna masu lanƙwasa. Gudun da suke yi ya fi na okada a titin da babu ɗan sanda. Ni da na saba da ƙwallon ƙafa, inda gwani yake fili daga farko har ƙarshe, sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Gwaninsu, wanda duk filin ke kiran sunansa, ya karɓi faifan ya tsallake tsakiya, sai kawai ya buga shi can lungu ya juya ya nufi benci. Wani ya tsallako katanga ya maye gurbinsa, wasa bai tsaya ba.

Na ce, "Ya ji ciwo ne?"

Gaston ya ce, "Lokacinsa ya cika."

"Ko minti ɗaya bai yi ba!"

"Ba a kai minti. Ƙafa tana mutuwa kafin kai ya samu labari. Dubi mutumin can mai kwat a bayan benci. Ba faifan yake kallo ba, gwiwoyinsu yake kallo."

Ya nuna mini kuma cewa bugun da na ɗauka zubar da dama ne, shi ne ladabin fita. Ba ka barin fili sai ka tura faifan nesa, don wanda zai shigo ya samu sararin tsayawa da ƙafarsa.

Can wajen ƙarshen wasa ana kunnen doki, gwanin nan ya ga ƙofa. Ya buga, mai tsaron gida ya tare. Ana buga masa katanga da sanda daga benci, alamar ya fito, bai waiwaya ba. Ya sake bi, ya sake bugawa. Abokansa huɗu ba su da halin barinsa shi kaɗai, suka tsaya tare da shi. Su kuwa abokan hamayya sun riga sun canza, sababbin ƙafafu biyar suka shigo. Faifan ya kuɓuce, suka wuce su kamar an dasa su. Wani yaro mai tsaron baya, wanda ba shi ya yi laifin ba, shi ya faɗi yana ƙoƙarin tarewa, kuma shi mutane suka yi wa ihu. Gwanin dai bai sake taka ƙanƙara ba a daren.

Na ce, "Jatau."

Gaston ya ce, "Wa?"

Na ce wani mutumin garinmu ne.

Na ga wannan doka a wurare da yawa. Masu tuƙa kwalekwale a gaɓar Kwatano suna da ita, masu gadin inji a jirgi suna da ita, matan da ke lugude a turmi ɗaya ma suna da ita. Bambancin kawai, Turawan sun sa mata agogo, mutanen Kaka sun sa mata waƙa. Saboda haka na dawo Agege ina ganin na fi kowa fahimtarta. Na sha ba da labarin nan a majalisa, a kan wasu.

Kwana biyu bayan saƙon kwamiti, 'yata Rabi, wadda take kai ni zaman da mota ta zauna a bayana tana rubuta abin da aka faɗa, ta kawo mini shayi ta ƙi fita.

"Baba, ba ka ba su amsa ba."

"Yaran nan ba su da kunya. Nasirun da aka yi sunansa a gabana? Yarabancinsa na cikin motar danfo ne. Zai je ya gaida Baba Agba, shugaban masu filin, hannu a aljihu."

"Zai koya. Baba, a zaman da ya wuce sau biyu ka kawo maganar magudanar ruwa, bayan an gama ta. Kuma ka amince a matsar da rumfunan bakin titi. Wata uku da suka wuce ka ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ka yarda ba."

"Ban amince ba."

Ta buɗe littafinta ta ajiye a gabana. Rubutunta ne, maganata ce. Rumfuna tara, na mutanen da na sani da sunan iyayensu. Ban tuna lokacin da na faɗa ba. Abin da na tuna shi ne na fito daga zaman nan ina jin ban taɓa yin ƙoƙari irin na ranar ba.

Na ce, "To, ai sai in gyara. Saura kaɗan."

Rabi ta rufe littafinta. Ta san tatsuniyar, ni na ba ta. Ta ɗauki kofin ta fita.

Washegari na aika aka kira Nasiru. Kwana uku muka yi a kan tabarma ɗaya. Na gaya masa wa ake fara gaisarwa, da wanda in ya yi dariya ƙi ya yi, da tsohuwar da ba ta magana a zama amma ba a yanke komai sai an shiga ɗakinta. Na je da kaina wurin Baba Agba, babban masu filin, na ce masa maganar rumfunan bakin titi tsufa ne ya yi ta, ba kwamiti ba, ina roƙon a mayar da ita kan tebur. Sai ya ce shi ma ɗansa ne zai zauna masa daga yanzu. Iyakar nisan da na iya tura faifan ke nan.

Ranar zaman na zauna a gida. Na ji ƙarar kowace mota da ta shigo layinmu. Suka dawo bayan la'asar, ba a sa hannu ba. Sai da aka ƙara zama uku. An ceto rumfuna bakwai cikin taran, biyu sun tafi, kuma na san bakin da ya ba da su. Takardar tana ofishin kwamiti yanzu, cikin gilashi, da sunan Nasiru a ƙasa.

Kaka ta gaya mana abin da ya sami wanda ya ƙi igiya. Ba ta taɓa gaya mana yadda wanda ya kama ta yake ji ba, yana tsaye a bakin rami da yashi mai laima a ƙafarsa, ana yi wa wani waƙa. Yanzu na sani: babu daɗi ko kaɗan. Amma jiya Nasiru ya zo gaishe ni da ƙafarsa, da goro fari guda bakwai a ganye, ya durƙusa har ƙasa, hannu ba a aljihu ba.