Mako Uku Ina Neman Ma'aikatar da Aka Rushe

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Alƙahira, iƙamata, wato izinin zama, ta kusa ƙarewa, kuma in babu ita babu shiga jarrabawa. Da na je sabuntawa sai aka ce in kawo shaidar cewa gidan da nake haya a unguwar Ainu Shams mallakar wadda ta ba ni hayar ne. Gidan kuwa yana cikin rukunin da wata tsohuwar ma'aikatar gidaje ta gina wa ma'aikatanta. Ita ma'aikatar an daɗe da rushe ta, an rarraba ayyukanta.

Mai gidan wata dattijuwa ce da muke kira Hajja, mijinta ya rasu, ga ciwon gwiwa. Ni da tarbiyyar gida, yaya zan ce wa sa'ar kakata ta taso ta bi ni ofis? Kwafin takardunta kawai na karɓa, na ce mata makaranta ke nema.

Nan fa na ga ta kaina. Ofishin farko suka ce su aikin gini suka gada, in je wajen masu filaye. Masu filaye suka ce ƙasar ce tasu, abin da ke kanta ba ruwansu. Na uku ruwa da magudana kawai suka sani, amma sai da suka shanya ni awa biyu kafin su faɗa min. Kowa sai "ma'alish, yi haƙuri, dawo gobe." Mako uku ina zirga-zirga a jirgin ƙasan metro da fayil a hammata, ko littafi ban buɗe ba.

Saura kwana huɗu iƙamar ta ƙare, Hajja ta gan ni a matakala na yi zuru-zuru. Ta matsa min, na faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Ya ibni, ɗana, kana da hankali kuwa? Mijina a wannan ma'aikatar ya yi aiki har ya yi ritaya. Sashen gini daban, sashen rabon gidaje daban. Masu rabo ke riƙe da sunayenmu, kuma ba sa buɗe fayil sai mai shi ya zo da ƙafarsa. Me ya hana ka faɗa min?"

"Kunya na ji, Hajja. A wajenmu ba a wahalar da babba."

"To a wajenmu babba ake sawa gaba. Yalla, ɗauko min sandata."

Ofishin da ta kai ni ba ya ma cikin ukun da na je. Hawa uku ta hau dafe da kafaɗata, in ta tsaya hutawa sai ta ɗora faɗa daga inda ta tsaya. Kafin azahar an buga hatimi. Na samu iƙama, na shiga jarrabawa da ɗan karatun da ya samu, na haye da ƙyar.

Har yau ina jin haushin mutanen da za su rushe ma'aikata sukutum ba su bar ko ɗan allo da zai nuna inda kowane aiki ya koma ba. Amma haushin kaina ya fi. Mako uku wadda ta san hanya tana zaune a bakin ƙofarta, ni kuma kullum da safe sai na rusuna na gaishe ta da ladabi, sannan in wuce in tafi wahala.