Tashar Jirgin da Na Gina a Kan Tsohon Ƙyaure

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan taɓa yafewa ba. Amma ranar da kaji suka far wa tashar jirgin da na gina a tsakar gidana, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Bari in faro daga tushe, kada ku ce tsohuwa ta fara ruɗewa.

Maigidana ma'aikacin reluwe ne a nan tashar Lafia. Aikinsa juya layi. Idan jirgin kaya ya shigo, shi ke kama sandar ƙarfe ya karkatar da dogo, wannan tarago ya shiga layin rumfar doya, wancan ya tsaya a na gefe, a ware su, a sake jerawa. Ni kuma a tashar nake sayar da shinkafa da wake. Da faɗa muka san juna, don ni ba na zagayawa ta inda aka ce a bi. Da tire a kaina nake tsallaka dogo kai tsaye, shi kuma ya hura usur ya yi mini tsawa, ni kuma in ce masa ba gadon ubansa ba ne. Ya yi ta hura usur ɗin har ya gaji ya aiko manyansa gidanmu.

Daga baya jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta rufe dogo, ya yi ritaya, muka koma unguwar Akurba. Muna nan lafiya lau sai wata safiya ya faɗi wajen alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya taimaka baki ya dawo, ƙafa ma ta soma takawa da sanda. Hannu ne ya ƙi. Yatsun suka dunƙule kamar yana ɓoye wani abu.

Likitar gashin ƙashi ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "Mama, hannun nan da sauran rai a cikinsa, amma sai shi da kansa ya yi ta motsa shi. In ya bar shi a haka, yatsun za su ƙage, ko mu ba za mu iya buɗe su ba." Ta ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna isowa gida ya ɗauke ta da hagu ya wurga ta bayan katanga.

"Ni da na juya jirgi mai tarago ashirin, ni za a ba ƙwallon yara?"

Na ce, "Malam, jirgin ya tafi, hannun ne ya rage." Bai kula ni ba. Ya cusa hannun cikin riga, kuma a can ya zauna. Ya daina zuwa masallaci don kada a miƙo masa hannu ya rasa abin miƙawa. Ya daina cin abinci a gaban kowa, har ni, don kunyar ci da hagu. Na yi faɗa, na yi lallashi, wanda ban iya ba sosai, na sake yin faɗa. A banza.

To, ni a lokacin ina zuwa makarantar manya ta yamma. Sai da na aurar da 'yata ta fari na fara riƙe fensir, kuma duk wadda ta yi mini dariya a unguwa na ba ta amsarta a take. A makon nan malamarmu ta koya mana zana taswirar aji: a auna ɗaki da taku, a rage shi da rula har ya shiga takarda. Abin ya burge ni ƙwarai, wai ashe babban abu yana iya ƙanƙancewa bai rasa kamanninsa ba. Na dawo gida na tarar da Malam a kujerarsa yana jan layuka a ƙasa da bakin sandarsa. Kullum yana yi, ni kuwa na ɗauka zaman banza ne. Ranar na tsaya na duba da idon 'yar makaranta. Layi ɗaya dogo, biyu sun rabu da shi, ɗaya ya zagayo. Tashar ce yake zanawa.

Washegari na hau okada na tafi tsohuwar tashar da littafina. Na yi ta taku cikin ciyawa ina ƙirgawa ina rubutawa, masu wucewa suna kallona kamar sabuwar mahaukaciya. Na dawo na ciro tsohon ƙyauren ɗakin girki da ke jingine a bayan gida. Shi ne filina, don iyakar abin da barandarmu za ta ɗauka ke nan. Duk abin da bai shiga ƙyauren nan ba, ba ya cikin tashata.

Mai haɗa tagogin alminiyom na bakin titi ya tara mini siraran guntayen da yake zubarwa, su ne dogo. Tsinken tsire na yayyanka na jera a ƙarƙashi. Taragu kuwa gwangwanin kifi ne, ƙafafunsu kwarkwaron keken ɗinki, don bakinsa yana kama dogo ba ya zamewa. Kan jirgin na sassaƙa da icen mangwaro na shafa masa baƙin fenti. Inda na sha wuya shi ne mahaɗar layi. Sai da na lalata uku kafin na gane in ɗaura guntaye biyu masu motsi a jikin wayar ƙafar keke, in haɗa da mariƙin cokali a gefen ƙyauren. Ka tura cokalin, dogo ya karkata. Da gangan na yi shi da ɗan tauri, yadda sai an kama shi da yatsu biyu.

Garin da ke kewaye da tashar kuwa ba wanda zai koya mini, don a cikinsa na tsufa. Na yi rumfar doya da kwali, rufinta gwangwanin madara da na buɗe na kakkarta da ƙusa har ya yi kama da kwano. Na yi tankin ruwa, da masallacin da ba shi da hasumiya, da cocin da ke bayansa mai shuɗiyar ƙofa, da teburin mai shayi, da shagon mai faci har da tsohuwar taya a ƙofa, da kwatar da kullum take cika. Na murza 'yan doyoyi da yumɓu na loda wa taragu huɗu. Ƙarshe na gina wata 'yar mata da tire a ka, na dasa ta a tsakiyar babban layi, can kusa da ƙarshen ƙyauren.

Kwana goma Malam yana yi kamar bai gani ba. A na sha ɗaya ya kasa daurewa.

"Ke 'yar makaranta. Wa ya koya miki wannan shirmen?"

"Wane shirme?"

"Layuka uku duk sun mutu a bango. In kan jirgi ya ja kaya ya shiga, ta ina zai fito ya zagayo bayansu? Ko ɗaukarsa za ki yi a ka kamar tire?"

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa, amma cikina fari fat. Na ɓamɓare rabin aikin na sake, yana nuna mini da sanda yana faɗa. Ya sa na mayar da cokalin ɓangaren rumfar doya, wai a can sandar take tun asali. Da ya ga 'yar matar ya ce in cire ta.

"Ba a tsayawa a kan layi."

"A nan nake tsallakawa."

"Na sani. Shi ya sa na ce ki cire."

Ban cire ba.

Sai dai dabarata ba ta ci ba. Ya karɓi tashar hannu bibbiyu a baki, a aikace kuwa hannu ɗaya. Da hagu yake tura jirgi, da hagu yake miƙawa ya ƙetara ya juya cokali. Na dama yana cikin riga. In na yi magana ya ce, "In kin gaji ki ɗauke kayanki." Da na kai shi asibiti likitar ta taɓa yatsun ta ce sun fara ƙagewa.

Abu ɗaya ya rage a aikin: tsakuwar da ake zubawa tsakanin dogo. Na gwada yashi, ya yi laushi da yawa. Na gwada dakakken dutse, ya fi ƙafar tarago girma. Ana cikin haka maƙwabciyata, wata 'yar Tibi da ke noma a wajen Obi, ta kawo mini kwanon riɗi sabon girbi. Na zuba kaɗan a tafin hannuna na duba. Wallahi tsakuwar tasha ce sak, an rage ta da rula.

Ta ce, "Maman tasha, wannan na miya ne fa, ba na jirgi ba."

Malam ya ce, "Gaya mata. Dutse ake sawa."

Na ce, "Ku biyun wa ya je makaranta a cikinku?"

Na dama kokon sitacin rogo, na shafe tsakanin layukan, na barbaɗa riɗin. Ya yi kyau har na tsaya ina yaba kaina da baki. Da hantsi ya yi na fito da ƙyauren tsakar gida ya sha rana, na ɗora shi a kan benci kusa da kujerar Malam, na tokare gefe ɗaya da bulo don ranar ta buge shi sosai. Taragun doya huɗu suna can sama a haɗe, na datse su da ɗan dutse. Na shiga ɗakin girki in sauke ruwan zafi.

Sitaci da riɗi, a rana, a gidan da ke da kaji goma sha. Har yau in na tuna sai in tambayi kaina ina na ajiye hankalina.

Ihunsa na fara ji. "Kai! Kai! Ku tashi!" Na fito da tukunyar tafasasshen ruwa a hannu biyu, na tsaya a bakin ƙofa ba halin gudu. Kaji sun rufe tashar. Wata ta hau rumfar doya, wata ta tuntsurar da mai shayi, sauran sun jeru a kan dogo suna tsattsaga kamar an gayyace su suna. Malam yana kaɗa sanda da hagu, yana tsoron ya buga ya rushe masallaci. Sai babban zakaranmu ya yi tsalle ya dira can sama, ƙafarsa ta shure ɗan dutsen nan.

Taragun suka gangaro. Na ji ƙarar kwarkwaro a kan alminiyom, ƙir-ƙir-ƙir, tana ƙara sauri. Babban layi suka biyo, kuma a ƙarshensa 'yar matar nan ce tsaye da tirenta.

Hagunsa na riƙe da sanda a sama. Cokalin yana damansa. Da idona na ga hannun nan ya fito daga cikin riga, babban yatsa da manuni suka buɗe suka kama mariƙin cokalin suka tura. Dogo ya karkata. Taragun huɗu suka kauce suka shige layin rumfa, suka daki bango, doyoyin yumɓu suka watse. 'Yar matar ko gezau.

Shi bai ma san ya yi ba. Ya juyo yana huci, ya daka mini tsawa irin ta dā.

"Shekara nawa ina ce miki ki daina tsallaka layi? Shekara nawa? Da yanzu an kwashe ki a tabarma!"

Na ajiye tukunyar a hankali. Na ce, "Malam, da wane hannu ka cece ni?"

Ya duba. Yatsun suna nan a kan cokalin. Ya daɗe yana kallonsu kamar baƙin da ya taɓa sani a wani gari. Sai ya ja cokalin baya, da ƙyar. Ya sake turawa. Ya sake ja. Ni da ban yi kuka a asibiti ba, sai ga ni zaune a ƙasa ina kuka ina dariya, kaji suna ci gaba da cin tsakuwata ba mai hana su.

Maƙwabciyar ta leƙo ta katanga jin hayaniya. Ta ga hannun, ta ɗora nata a ka. "Oga! Hannu ya dawo aiki!" Sannan ta dubi kajin ta dube ni. "Na faɗa maki na miya ne."

Malam ya ce, "Bar ta, ita ce ta je makaranta."

Ranar na haɗiye, ban rama ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ma abin tarihi ne.

Ba zan ce muku hannun ya warke a ranar ba, ba na ƙarya. Wata da watanni ya yi yana fama. Amma daga ranar ya kafa doka da bakinsa: jirgi a tura da hagu, layi kuwa da dama ake juyawa, haka aikin yake. Kullum da safe nakan hargitsa masa taragun in ce na doya nake so a gaba, na gawayi a baya, ya yi ta kai da komo yana gunaguni har ya jera. Tsakuwar na sake ta da yashin rafi mai manyan ƙwayoyi da na tankaɗe sau biyu. Ƙaramin yatsansa har yau bai miƙe ba. Amma wata Juma'a ya sa babbar riga ya tafi masallaci, ya dawo yana ƙorafin wai mutane sun kusa tsinke masa hannu da gaisuwa. Da rana na kirɓa sakwara, na yi miyar riɗi da abin da kaji suka rage, ya ce in kawo kwano ɗaya. Ya sa dama ya yanka.

Abin da na koya shi ne, mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsare wasu ba ya tashi don an ce ya ceci kansa. Na yi masa faɗa don hannunsa, likita ta yi masa bayani don hannunsa, bai motsa ba. Sai da ya ga akwai wadda za a take. In kana da majinyaci a gida, kada ka tsaya a ba shi magani da tausayi kawai, nemo masa inda ake bukatarsa. Na kuma koyi cewa karatuna ya gina tashar, amma wautata ce ta ƙarasa aikin, don haka na rage cika baki, kaɗan.

Ƙyauren yana nan a baranda. 'Yar matar ma tana nan a tsakiyar layi da tirenta. Kwanan baya na ce bari in matsar da ita gefe, tunda ya daɗe yana mita. Ya riƙe mini wuyan hannu, da damansa, ya ce in bar ta a inda take, akwai mai gadin layi.