Wata Shida a Bencin Baya

Shekarar da kogin Haɗeja ya cika har kwalekwale ya riƙa sauke mutane a ƙofar makarantarmu, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ban san lambar shekarar ba. A gidanmu da ita muke auna komai: an haifi ƙanwata damina biyu kafin ta, Baba ya rasu damina tara bayanta. A shekarar ce na yanka jingar ƙauyenmu, mahaifina kuma ya ɗauki laifin. Na faɗa maka tun yanzu don kada ka yi ta jira.

Mu ba 'yan fadama ba ne. Iyayena daga kudancin Kaduna suka zo, ƙasar duwatsu, inda in an yi ruwa da safe kafin rana ta take ya gangara ya wuce. Aiki ne ya kawo Baba wani ƙauye a gefen Kirikasamma, shi malamin gona ne. A can ruwa ba ya wucewa. Zuwa yake a hankali, ya kwanta a kan gonaki, ya yi wata biyu ko uku yana kallonka. Gari duk warin laka da hayaƙin bandar kifi. Da yamma tsuntsaye su taso daga wajen fadamar Baturiya su rufe sama, sauro kuma ya fito neman nasa rabon.

Abin da ya raba gari da ruwan shi ne jinga, wani dogon tudun ƙasa da ake taruwa a ɗaga kafin damina ta yi nisa. Bulama, wato mai unguwarmu, shi ke raba wa kowane gida nasa yankin. Namu yana manne da na maƙwabcinmu, wani dattijo da muke kira Baffa. Baffa Musulmi ne, mai azumi da yawan shiru. Da salla yakan aiko mana da nama, da Kirsimeti Mama ta aika musu da shinkafa da miya. Mahaifiyarsa tsohuwa ce makauniya, kullum tana zaune a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, in ta ji tafiyata sai ta ce, "Ɗan malam, zo ka karɓi ta baki."

Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta laka da rufin kwano. Ba mu fi mutum ashirin ba: malaman makaranta, wani ɗan sanda, wata ma'aikaciyar asibiti, da iyalansu. Can baya, kusa da ƙofa, akwai wani gajeren benci da ba wanda ke zama a kai haka kawai. Bencin horo ne. In mutum ya yi laifin da kowa ya sani, dattawan majami'a su yanke masa watanni, ya zauna can. Ba ya jagorantar addu'a, ba ya cin jibin Ubangiji, wato burodi da ruwan inabin da ake zagawa da su a faranti, har ranar da za a kamo hannunsa a dawo da shi gaba. Mu yara ko jingina ba ma yi da bencin.

Ga yadda na yi kuskuren. A kakar shekarar da ta gabata na ga 'ya'yan Baffa sun buɗe 'yar kafa a jinga sun kafa mali, ɗan kejin nan na kama kifi, tarwaɗa na ta faɗawa ciki. Na riƙe abin a raina. Abin da ban sani ba, kuma kowane yaron fadama ya sani tun yana goye, shi ne ana yin haka ne kawai in ruwa ya fara ja da baya. Ni kuwa na je ruwa yana hawa.

Ranar Asabar ce da hantsi. Na ɗauki fartanyar Baba, mai tambarin ƙuna a ƙota, na sari kafa da ba ta fi taki ɗaya ba. Na kama tarwaɗa huɗu. Murna ta sa na manta da fartanyar a wurin. Na ce wa Mama a kududdufi na kama su. Ta dafa, muka ci da rana.

Wajen la'asar muka ji ihu. Kafin maza su isa da buhunan ƙasa, kafar ta zama faɗin ƙofar zaure, daga nan kuma ba wanda ya iya auna ta. Ruwan bai zo da gudu ba. Shigowa ya yi kamar mai gida. Na tsaya a kan katangarmu ina kallon shinkafar da ta fara fitar da kai tana nutsewa. Na ga rumbun Baffa ya durƙusa. Na ga babban ɗansa ya goyo kakarsu makauniya, ruwa har ƙirjinsa, zanenta sharkaf, tana tambaya, "Ina za mu? Ina za mu?" Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba, sai ɗanɗanon kifi a bakina.

Washegari aka tsinci fartanyar maƙale a laka. Bulama ya aika a kira Baba. Na bi shi a baya. Mutane sun cika ƙofar gidan, ƙafafunsu fari fat da busasshiyar laka.

"Malam, wannan taka ce?" in ji bulama.

Baba ya juya ƙotar, ya dubi tambarin. Bai dube ni ba. Ya ce, "Tawa ce."

Ƙanen Baffa ya miƙe. "Malamin gona ke nan! A makarantar taku aka koya muku shayar da shinkafa har wuya? Ka zo ka koya mana noma, ka koya mana iyo!"

Wasu suka yi dariyar da ba ta da daɗi. Bulama ya ɗaga hannu. "Kai ka yanka, ko wani ka aika?"

"Daga gidana aka yi, ranka ya daɗe. Gidan kuma nawa ne. Duk abin da aka yanke, a ɗora mini."

 Ni ina tsaye a bayan Baba, hannuna a aljihu, har aka watse. 

Dattawan majami'a ma suka zauna da shi. Sun so ya faɗi yadda aka yi, ya maimaita musu maganar nan guda. Babbansu, wani tsohon malamin makaranta daga Filato, ya ce, "Ɗan'uwa, ka ɓata sunan Almasihu a gaban maƙwabta, kuma ka ƙi buɗe mana zuciyarka. Sai ka zauna baya." Wata shida suka ba shi.

Mu yara a tabarma muke zama, can gaba. Saboda haka ban taɓa ganin Baba a bencin ba sai in na waiga, kuma ban waiga ba. Muryarsa kawai nake ji daga bayana in ana waƙa, ita kaɗai, nesa da sauran. Ranar jibi mai bishara yakan tsaya ya ce ba zunubin da ya fi ƙarfin gafarar Allah, in dai mutum ya furta shi, domin Yesu ya riga ya ɗauki hukuncin. Sai faranti ya zaga benci benci, ya tsaya kafin na ƙarshe, ya dawo. Nakan ji maganar kamar ruwan da ke sauka a kan rufin wani gida.

Da ruwa ya janye, Baba ya gyara jingar da hannunsa, kwando bayan kwando, kullum bayan ya tashi aiki. Ya kwashe dawar da ta rage mana ya kai gidan Baffa. Manoma suka daina zuwa neman shawararsa. Tsohuwar nan makauniya ta kama tari tun ranar ruwan, ba ta ga ƙarshen kaka ba. Baba ya je gaisuwa, ya zauna can gefe kwana uku.

Bai taɓa tambayata ba. Sau ɗaya tak, muna tafe a kan jingar, ya tsaya ya ce, "Ruwan nan ba irin na gida ba ne. In yana hawa ba a taɓa shi." Ya ɗan jira. Na ce to. Muka ci gaba da tafiya.

Ranar da wa'adin ya cika, tsohon malamin ya je baya ya kamo hannunsa. Ya ce, "Allah ya gafarta, mu ma mun gafarta." Matan zumuntar majami'a suka buga tulun kiɗa, Mama tana share ido da bakin ɗankwali. Na tafa tare da kowa. A raina na san an yafe wa mutumin da bai yi ba, wanda ya yi kuma yana zaune a tabarma yana tafi.

A makaranta yara suka sa mini suna ɗan mai buɗe wa kogi ƙofa. Na fara laɓewa a daji maimakon aji, har aka gaji da ni. Aka kai ni Haɗeja koyon kafinta, ɗan karatun da na yi ya zube. Na girma, aka yi mini baftisma, na yi aure. Amma duk ranar jibi in faranti ya iso gare ni sai in miƙa wa na kusa. Matata ta yi tambaya har ta bari. Lokacin da Baba ke jinyar ƙarshe ni ke zaune da shi. Wata rana ya daɗe yana kallona, na ce a raina yau zan faɗa. Sai ya nemi ruwa, na ba shi, ya yi barci.

Shekara biyu ke nan da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu sa'ar 'yata ce. Kwanan baya ta ce kowa ya rubuto magana ɗaya ta gaskiya game da kansa. Wasu suka rubuta sana'arsu. Ni na yi kwana uku a kan kalma huɗu. Ban kai wa malama ba. Na kai wa Mama, wadda yanzu take zaune a gidana. Ta sa tabarau, ta bi da yatsa: Ni na yanka jinga.

"Hannunka ya fara kyau," in ji ta.

"Mama, kin karanta kuwa?"

"Na karanta. Wa ya dafa kifin? Kududdufin da za a kama tarwaɗa huɗu ruwa na hawa, a wane gari yake?"

"Baba ya sani?"

"Tun kafin a kawo fartanyar."

"Me ya hana shi tambayata?"

Ta cire tabarau. "Na ce ya tambaye ka, har faɗa muka yi. Ya ce in ya tambaya ya zama dole. Ya ce Allah ba ya ƙwatar tuba, jira yake yi, shi ma zai jira. Ya yafe maka kafin ya tashi daga ƙofar bulama. Faɗar kawai ya so ya ji."

Na je wurin fastonmu na faɗa masa duka. Yaro ne a kaina. Na roƙe shi ya sa ni a baya wata shida. Ya ce majami'armu kujerun roba ne yanzu, kuma ko da bencin yana nan ba zai sa ni ba. "An riga an zauna maka. Ka furta, Allah ya gafarta. Ba sauran abin da za ka ƙara." Ya yi mini addu'a, hannunsa a kafaɗata.

Na kuma hau mota na je ƙauyen. Ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, inda gonakin suke ban gane ba. Baffa ya daɗe da rasuwa. Babban ɗansa, wanda ya goyo kakarsu, ya yi furfura. Ya saurare ni har na gama, yana kallon ƙasa. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya sa aka kawo mini ruwa. 

Lahadin da ta wuce na ci jibi. Na yi zaton zan yi kuka, ko in ji an sauke mini kaya. Burodi ne, da ɗan jan ruwa mai zaƙi. Na gaskata an gafarta mini. Ba na shakka. Sai dai gafarar ta same ni kamar yadda ake taɓa ƙafar da ta yi sanyi don daɗewar zama: ka ga hannun, ba ka ji shi ba. Fasto ya ce jin zai zo. Ina jira, ni ma na iya jira.

Da muka dawo gida na tambayi Mama abin da ban taɓa tambaya ba, wato me ruwan ya ci. Ta lissafa, na rubuta. Gonakin shinkafa bakwai. Rumbu biyu. Awaki goma sha ɗaya. Ɗaki uku. Wata shida na Baba. A nan ta tsaya. Ni na ƙara biyu a ƙasa: shekara talatin da shida tawa, da tsohuwa ɗaya.