Minti Biyu da Farar Ƙwaya

Duk asibitin da ka shiga a garin ka ce kana neman Minti Biyu, ko mai shara ka tambaya zai nuna maka bencin da yake zama. Wakilin wani kamfanin magani ne, cikin waɗanda nas-nas suke kira 'yan jaka. Aikinsa ya bi likitoci ɗaki-ɗaki, ya tallata musu magungunan kamfaninsu, ya bar musu samfur, ya roƙe su su riƙa tunawa da shi idan sun ɗauki biro. Sunan kuwa bakinsa ne ya ja masa. Shekara ashirin da biyu yana leƙa kai ta ƙofa, jaka a hammata, yana cewa, "Likita, minti biyu kawai." Bai taɓa fita a minti biyu ba, kuma ba likitan da ya taɓa korarsa.

Ya iya jira, kuma jira shi ne rabin sana'ar. A ƙa'idar benci, ɗan jaka ba ya shiga sai mara lafiya na ƙarshe ya fito, ko da zai kai la'asar. Ya san likitan da ba a tunkara kafin ya ci abinci, da nas ɗin da sai ka tambayi lafiyar jikanta kafin ta tuna kana zaune. A cikin kayan da yake talla, wanda ya fi ji da shi wata shuɗiyar ƙwaya ce ta farfaɗiya. Akwai wata fara ta wani kamfani, mai arha, ita ce abokiyar gabarsa. Idan ya zo kanta yakan rage murya, ya matso da kujera.

"Likita, wanda jikinsa ya saba da tamu, kada a canza masa. Farar nan kama ce kawai. Canji ɗaya, faɗuwa ɗaya, kuma ba ka san inda faɗuwar za ta same shi ba, bakin wuta ko tsakiyar titi."

A wurin horo aka ba su maganar, shi kuma ya goge ta har ta yi ƙyalli. Idan yana faɗa, likitoci sukan ga da gaske yake, don kuwa da gaske yake. 'Yarsa ta biyu, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa yake ce mata Mamana, tana shekara goma sha biyu ta faɗi a matattakalar makaranta, ta karya haƙori. Tun daga nan take shan shuɗiyar ƙwayar safe da yamma, kuma shekara biyar ke nan ba ta sake faɗuwa ba. Katin ma'aikata ne yake ba ta maganin kyauta. A kemis kuwa, mai albashi ma in ya ji kuɗin kwali ɗaya sai ya yi tsaki ya juya. Yanzu ta shiga makarantar koyon jinya, kullum tana tsallaka babban titi ita kaɗai, ta hau mota.

Maganar rage ma'aikata ta fara ne kamar wasa, a bakin benci. Wani ɗan jaka na wani kamfani ya ce an sallami rabin nasu, wai yanzu likita a wayarsa yake ganin talla, to me za a yi da mutum da mota da mai? Minti Biyu ya yi dariya ya ce waya ba ta iya gaida jikan nas. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wata bai cika ba aka ji wani babban kamfani ya saye nasu, manaja ya daina amsa gaisuwa da wasa, aka soke taron ƙarshen shekara ba bayani.

Sai aka fara ɗauki ɗai-ɗai. Yadda ake yi kowa ya gane shi: saƙo zai shigo wayarka cewa ranar Alhamis ka kawo mota da jakar samfur a duba. Wanda duk ya kai mota a duba, a motar haya yake komawa gida. Dogo, abokinsa da suka shiga aiki rana ɗaya, ya samu nasa saƙon suna tsaye a harabar wani asibiti. Ya karanta, ya miƙa masa wayar.

"Ƙila dubawar ce da gaske," in ji Minti Biyu.

"Kai ma ka san ƙarya kake yi," in ji Dogo. "Gemuna ya kama wuta, ɗan'uwa. Ka nemi ruwa."

Daga ranar tsoro ya shige shi, irin wanda ba ya barin mutum ya ji ɗanɗanon abinci. Waya ta yi ƙara, gabansa ya faɗi, ko da matarsa ce take cewa ya taho da sabulu. Ba zaman banza yake tsoro ba, ko da yake mai shekara hamsin da ɗaya ba a rububinsa. Katin ma'aikata yake tunawa. Ranar da aka karɓi mota, ranar kati yake mutuwa, kuma maganin Mamana na wata guda ake bayarwa, ba a ƙara ko ƙwaya. Da safe idan ta ɓallo ƙwayar ta kora da ruwa, sai ya tsinci kansa yana kallon ramukan da suka rage a jikin katin maganin.

"Baba, wai me kake kallo haka?"

"Ba komai, Mamana. Ki kula da titi."

Ruwan da ya shafa wa gemunsa shi ne abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Samfur ba ya fita daga jaka sai likita ya sa hannu a takarda cewa ya karɓi kaza. A bayan gari akwai wani ƙaramin asibiti na wani dattijon likita, wanda sabo ya sa ya daina karanta takardar. Yana magana yake sa hannu, idonsa a kan Minti Biyu. Tsohon ba ya wasa da samfur. A durowa yake tarawa, ya ba marasa ƙarfi waɗanda ba za su iya saye ba. Rannan Minti Biyu ya rubuta kati goma na shuɗiyar ƙwaya, ya ajiye huɗu a kan tebur, ya fito da shida a ƙasan jaka. Gumi ya jiƙa masa riga kafin ya kai mota. Ya gaya wa kansa sau ɗaya ne. Ya yi sau uku.

Ya ɓoye su cikin kwalin takalmi a saman kabad. Matarsa tana shara ta gani, ta jira yara suka fita, ta sauko da kwalin ta ajiye a gabansa. Kowane katin magani an buga masa da ja: ba na sayarwa ba ne.

"Baban yara, wannan fa?"

"Na Mamana ne. Ko da wani abu zai faru."

"Kamfani sun sani?"

Ya girgiza kai. Ita kuwa ba ta ce ya mayar ba, uwa ce. Ta ɗauki kwalin ta mai da shi inda yake, ta ɗora tsohon bargo a kai. Tsoronsa ya zama biyu: na sallama, da na ranar da za a zazzage jaka a ce ina sauran. Wanda aka sallama yana iya ɗaga kai a gari. Wanda aka kama da satar samfur kuwa, ko kemis na lungu ba zai ba shi tsaron kanti ba.

Saƙon ya zo ranar Talata. Ranar Alhamis ya wanke motar da hannunsa, ya sa rigarsa mafi kyau, ya tafi. Su tara ne a jere a barandar ofis, kowa da jakarsa a cinya, ba mai kallon wani. Duk gwanayen jira ne, amma ba a taɓa yi musu benci mai tsawo irin wannan ba. Yana zaune yana shirya ƙaryar da zai yi in an tambaye shi lissafin samfur, ya shirya ta ya rushe ya fi sau goma.

Da aka kira shi, wata mata ce daga babban ofis da bai taɓa gani ba, manaja a gefenta yana kallon tebur. Ta gode masa da hidimar da ya yi, ta karanto sunansa daga takarda har ta yi tuntuɓe a kai, ta miƙa masa ambulan. Ya ajiye makullin mota da katin ma'aikata. Ya ɗaga jakar ya ce, "Samfur fa? Za a duba?"

"Ajiye ta can kawai," in ji ta.

Can ɗin wani lungu ne da jakunkuna suka yi tsibi, har da ta Dogo, ya gane ta da hannunta da aka ɗinke da zare. Ba wanda ya buɗe ko ɗaya. Abin da ya hana shi sukuni wata biyu bai dami kowa ba, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce an tuhume shi.

Kwana tara da sallamarsa dattijon likita ya kira shi a waya. Ya jajanta masa, ya yi masa addu'a, sannan ya ce, "Akwai wani mai walda da nake ba shuɗiyar nan shekara uku. Ya zo makon jiya na buɗe durowa ba komai. Ya yi kwana huɗu babu magani, ya faɗi a wurin aiki, hannunsa ya ƙone. Da sauƙi, yana nan kwance." Ya ƙara da cewa, "Na duba kwafin takarduna, na ga abin da na sa wa hannu. Tsufa ne, ban san inda na kai su ba."

Daga nan ya yi sallama ya kashe wayar. Da zagi ya yi, da Minti Biyu ya ji sauƙi.

Ya zauna a bakin gado. Mamana ta dawo daga makaranta ta same shi da kwalin takalmi a buɗe. Bai ɓoye mata ba, ya gaya mata duka, har hannun mai walda. Ta ɗauki kati ɗaya ta karanta jan rubutun, ta mayar.

"Baba, ni ba zan iya haɗiyar wannan ba."

"Naki saura kwana goma sha ɗaya, Mamana."

"To a mai da ni kan farar. Muna gani a asibiti, mutane da yawa ita suke sha."

Maganarsa ta shekara ashirin da biyu ta dawo masa da muryarsa, har da yadda yake rage ta: bakin wuta ko tsakiyar titi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Washegari suka hau motar haya zuwa bayan gari, kwalin a leda a cinyarsa. Suka zauna a bencin da ya sani kamar tafin hannunsa, sai dai yau ba jira yake layi ya ƙare ba, yana cikin layin. Nas ta ce, "Minti Biyu, ina jaka?" Ya ce an ba ta hutu. Da suka shiga ya ajiye ledar a tebur. Tsohon ya leƙa ciki, ya ja durowa ya zuba, ya rufe, bai ɗaga ido ba. Sannan ya juya ga Mamana ya yi mata tambayoyi, ya ɗauki biro.

Minti Biyu ya kasa haƙuri. "Likita, don Allah. Abin nan da na daɗe ina gaya maka a kan farar ƙwaya. Gaskiya ne?"

Tsohon ya cire tabarau. "Ni kake tambaya? Ai a bakinka na ji."

"Koya mana aka yi. Ban taɓa tambaya ba."

"To ga iya abin da na gani da idona. Yawancin waɗanda aka canza wa ba abin da yake samunsu, ko a jikinsu. Kaɗan sukan faɗi a makonnin farko, sai a gyara musu. A wane ɓangare 'yarka take, ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Wata guda kada ta tsaya gaban wuta, kada ta tsallaka titi ita kaɗai."

Ranar da shuɗiyar ta ƙare, Mamana ta ɓallo farar da safe ta kora da ruwa, ta yi masa gwalo don ya yi dariya. Bai iya ba. Yana kallon hannunta, yana kallon ƙiftawar idonta, cokali ya faɗi a kicin ya miƙe zumbur. Ya sa takalmi ya ɗauki jakar littattafanta ya maƙala a hammata, yadda hannunsa ya saba.

A bakin babban titi motoci suna wucewa fuu, ba mai rage gudu. Ta ce, "Baba, ƙawayena za su yi mini dariya, ƙatuwa da ni." Ya ce su yi. Ya riƙe tsintsiyar hannunta gam, har yana jin bugun jininta a yatsunsa, suka tsaya suna jira hanya ta buɗe.