Inda Jar Saniya Ta Kwanta, Nan Muka Kafa Tanti

Asabar, Tambuwal

Ƙarfe shida saura minti biyar, bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, muka tashi daga ƙofar gidana a Tambuwal. Mu uku ne: ni, da mahaifina Baba Dikko, da Ɗanjumma direba daga Sanyinna, ɗan ƙanwar Baba, wato taubashina, mutumin da tun muna yara bai taɓa barina na sha ruwa lafiya ba. Motar a-kori-kura ce, kuma tun a nan na fara mita. Mutum uku da jaka biyu, me ya kai mu ɗaukar a-kori-kura? Baba ya ce ƙaramar mota tana sa shi amai. Ban taɓa ganin ya yi amai a mota ba.

Ga abin da ya fitar da mu. Baba manomi ne mai shanu a ƙasar Kebbe tun tasowarsa. Da idonsa ya yi rauni shekara biyu da suka wuce, muka sayar da shanun, na ɗauko shi na ba shi ɗaki mai siminti da fanka. Tun daga lokacin barci ya ƙaurace masa. Likita ya ba da ƙwaya, ba ta yi komai ba. Ya rame, ya daina tsokanar mutane, kuma wannan na biyun ya fi tayar mana da hankali. Rannan ya kira ni.

"Sanda, kai ni in kwana inda nika jin shanu. Dare guda. In na samu barci, in dawo in zamna maka lafiya. In ban samu ba, ka bar ni can, ba ni komowa ɗakinga."

Babbar yayarmu, Yaya Hajo, da ta ji, ta ce in har na dawo ba Baba kada in ƙara taka gidanta. Ni kuma wallahi tsoro nake ji, domin Baba ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Saboda haka na shiga Sakkwato na sayi tanti, na kwashe yamma uku ina karanta yadda ake zaɓar wurin kafa shi a daji da hamada, a waya. Na rubuta ƙa'ida biyar a takarda: wuri mai tudu; fili mai tsabta, ba ciyawa; ban da ƙarƙashin itace; nesa da hanyar dabbobi; ƙofa ta ba iska baya. Kayan Baba kuwa tabarma ne da buta da sanda, sai wata sabuwar igiya. Na tambaye shi ta mece ce, ya ce ko tantina zai nemi gudu.

Hanyar Kebbe

Ƙarfe bakwai da kwata muka tarar da shingen 'yan banga. Suka gaida Baba da ladabi, suka leƙa baya, suka ga doguwar jaka mai ƙarafa a ciki, sai fuskokinsu suka canza. Ba laifinsu ba ne, kowa ya san halin da hanyoyin nan suke ciki. Babbansu ya sa na zazzage komai a ƙasa. Ina ta bayani, Ɗanjumma ya leƙo ta taga.

"Gidanai ne, ranka ya daɗe. Ma'aikacin gwamnati ne, iyakar abin da albashi ya gina mai ke nan."

Suka yi dariya har mai riƙe da igiyar shingen ya sake ta. Suka ce kada mu kwana ko'ina sai mai garin wurin ya sani. Na tattara ƙarafana ina hararar Ɗanjumma.

Mun shiga Kebbe ƙarfe takwas da minti goma. Ni da Ɗanjumma muka ci masa da shayi a bakin tasha, Baba ya sha fura, rabin ludayi uku ya ture ƙwaryar. Daga nan muka bar kwalta, muka yi minti arba'in muna tsalle a cikin mota kafin mu kai ƙauyen da Baba ya ambata.

Mai garin ya karɓe mu hannu biyu, har sai da na faɗi abin da ya kawo mu. Nan ransa ya ɓaci. Baƙo ya kwana a daji, zaurensa yana nan ba kowa? Me zai ce wa mutanen ƙauyukan kusa? Baba ya matsa kusa da shi suka yi ƙus-ƙus, sai na ga mai gari ya dube ni ya yi murmushi. Ya yarda, da sharaɗin kada mu wuce inda ake jin kiran sallar garinsa, kuma zai sanar da 'yan banga. Murmushin nan bai yi mini daɗi ba.

Wuri na farko

Ƙarfe goma sha ɗaya na hango shi: tudu, fili fetal, ko tsinke babu, kamar an share. Na ce Ɗanjumma ya tsaya. Na fito da takardata, na duba, na ce alhamdulillahi. Baba bai ko sauko ba. Ya tambaya ko ciyawa ta tsira a wurin, na ce ko ɗaya, da alfaharina. Ya ce to, madalla, in kafa.

Fako ne, ƙasa mai tauri kamar dutse. Duk ɗan ƙauye ya san fako, ni ma a ƙauye aka haife ni, amma shekara ashirin a ofis ta wanke mini kai. Na ɗora turken ƙarfe na buga da guduma, ya lanƙwashe. Na biyu ma haka. Na uku ya yi tsalle ya same ni a ƙauri. Ƙasa kuwa zafi take fitarwa ta cikin takalmi. Ɗanjumma ya zauna a inuwar mota yana ƙirga bugun da ƙarfi, wai yana taya ni. Bayan rabin sa'a na naɗe kayana.

Wuri na biyu

Tunda tauri ya ƙi, na ce mu nemi laushi. Ƙarfe ɗaya saura muka gangara wani busasshen rafi mai farin yashi. Na san na karya ƙa'idar farko, amma na ce ai ba damina ba ce. Turaku suka shige da hannu kawai. Cikin minti ashirin tanti ya miƙe, shuɗi, gwanin kyau. Na ja da baya ina kallonsa, na kira Baba ya zo ya taɓa.

Kafin ya iso iska ta riga shi. Yadda turakun suka shiga ba wahala, haka suka fita. Tanti ya tashi ya yi ta mirginawa cikin rafi, ni ina binsa da gudu, da babbar taguwa, takalmi ɗaya ya tsaya a yashi. Ɗanjumma, ɗan banzan nan, maimakon ya tare ta gaba sai ya ɗaga waya yana ɗauka. Wata ƙaya ce ta kama mini shi. Ina dawowa na ji wata dariya da na yi shekara biyu ban ji ba. Baba ne, ya dafa sanda yana share hawaye. Haushi da daɗi suka haɗu mini, na rasa wanda zan bi.

Muka yi azahar a nan, muka ci burodi da ƙuli-ƙuli.

Wuri na uku

Wannan karon na natsu. Ƙarfe uku da rabi na sami ɗan tudu mai ƙasa jigawa, ba tauri ba laushi, ba itace, ba sawun kofato ko ɗaya. Duk ƙa'ida biyar sun cika. Na kafa, na girgiza, bai motsa ba. Har Ɗanjumma ya ce wannan kam ya yi.

Baba ya sauko. Ya tsaya tsakiyar fili, ya karkata kunne gabas, ya karkata yamma, ya shaƙi iska. Ya daɗe a haka.

"Ina shanun?"

Na dubi takardar hannuna. Nesa da hanyar dabbobi. Yamma uku na yi ina koyon yadda zan guje wa abin da muka fito nema. Baba ya naɗe tabarmarsa da ya fara shimfiɗawa, ya ce ba komai, in kwana a nan da ɗakina na leda, shi ya san hanyar gari. Rana ta fara karkata. Na tuna Yaya Hajo, na tuna ɗakin nan mai fanka da zai zama ba kowa. Na ninke takarda na cusa a aljihu.

"To Baba, yaya ake zaɓa?"

"Yanzu kaka tambaya? Mutum ba ya zaɓe, Sanda. Saniya ka zaɓe. Shiga mota."

Gonar Baffa Jaɓɓi

Mutumin da ba ya gane fuska daga taku biyar, shi ya riƙa ba direba hanya. Bi hagu. Wuce kuka biyu. Sassauta, akwai rami. Kuma ramin yana nan. Ƙarfe biyar da minti goma muka tsaya a wata gona da aka girbe, da ƙaton gawo a tsakiyarta, ganyensa shar a wannan rani. Wani tsoho yana zaune a ƙarƙashinsa, Baffa Jaɓɓi, abokin kiwon Baba tun suna samari. Ya riga ya shimfiɗa tabarmi, ga ƙwaryar nono da ludayi huɗu. Huɗu! Na dubi Ɗanjumma, sai ya shiga duba tayar mota da babu abin da ya same ta.

Na ɗauko tanti, Baffa Jaɓɓi ya ce in ajiye, masu wurin ba su iso ba. Wajen ƙarfe shida garken shanunsa ya shigo ta burtali. Ba wanda ya kore su. Aka ce in sa ido a kan wata tsohuwar jar saniya. Ta ci 'ya'yan gawo da suka zuba, ta zaga, ta shinshina nan, ta wuce, ta shinshina can, ta juya sau biyu, ta durƙusa ta kwanta. Baffa Jaɓɓi ya ce tsohuwar saniya ba ta kwanciya a kan gidan tururuwa, ko inda sanyi yake sauka, ko inda iska take duka. Shekara da shekaru haka suke gane inda za su shimfiɗa tabarma.

Taku huɗu daga gefenta na kafa. Gefen itace, bakin burtali, kashin shanu ko'ina. Takardata ba ta da sauran abin cewa. Turaku suka shiga da bugu biyu-biyu, suka riƙe gam.

Na buɗe ƙofa na ce Baba bismilla. Ya leƙa, ya shafa bangon.

"Na tsere ma ɗakin siminti in shiga jikka? Shiga abinka."

Ya shimfiɗa tabarma tsakanin tanti da jar saniya. Bayan isha'i da tuwon gero na shige na ja zif, don kada kuɗina su tashi a banza.

Lahadi

Kiran sallar garin mai gari ne ya tashe ni. Na fito. Baffa Jaɓɓi da Ɗanjumma suna alwala. Baba yana kwance yadda na bar shi, hannu ɗaya a kan sanda, ko motsi babu. Mutumin da kullum kafin ladan ya buɗe baki ya riga ya gaji da zama. Na kira shi, shiru. Na durƙusa zan girgiza shi, Baffa Jaɓɓi ya riƙe mini hannu.

"Saurara."

Minshari. Ƙarami, a hankali, yana tafiya tare da tuƙar saniya. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ɗanjumma ya gani, kuma karon farko a rayuwarsa ya kau da kai ya ci gaba da alwalarsa. Sai da gabas ta yi ja sannan muka tashe shi don kada sallah ta wuce. Ya tashi yana faɗa wai wa ya hana mutum barcinsa. Ya shanye ƙwaryar nono tas.

Ina naɗe tanti na ga Baba ya kwance sabuwar igiyar nan. Baffa Jaɓɓi ya fito daga garke yana jan wata 'yar karsana ja, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Ashe tsohuwar saniyar ta Baba ce. Ranar da muka kai shanu kasuwa ita ba ta je ba, ya ba abokinsa riƙo bai gaya wa kowa ba. Karsanar 'yarta ce. Mako biyu ke nan suna shirya wannan da wayar Ɗanjumma. Mai gari ma ya sani. Ni kaɗai ne baƙo a tafiyar da na biya kuɗin man fetur ɗinta.

"Na yi barci, alkawali ya cika, nika komawa," in ji Baba. "Amma ba ni ɗai ba."

Na ce to don me aka bar ni yini guda ina fama da fako da yashi, alhali an san inda za a?

"Ka sayi abinka da tsada. In hana ka wasa da shi?"

Komawa gida

Ƙarfe tara da minti ashirin muka yi sallama da Baffa Jaɓɓi, muka biya muka gode wa mai gari, wanda har yanzu murmushin nan yake yi. Baba ya ƙi zama gaba, ya hau baya shi da karsana. 'Yan bangan jiya suka leƙa, suka ce a kwana ɗaya har ma'aikaci ya yi dukiya. Mun iso Tambuwal sha biyu da minti biyar. Yaya Hajo tana ƙofar gida tana jira. Ta ga Baba, ta ga karsana, ta zauna a dakali tana dariya da kuka tare.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mai gari da 'yan banga da Baffa Jaɓɓi. Ɗanjumma kuwa ba zai ji godiyata ba sai ya goge hoton gudun nan daga wayarsa.

Tantin yana nan a tsakar gidana. A inda karsana ta fara kwanciya na kafa shi, ban duba takarda ba. Ita ke shan inuwarsa da rana, Baba kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofarsa. Yau da asuba sau uku na kira shi kafin ya farka.